Masu dirowa da laima da bashin da naƙasassun sojoji ke bin mu

Yau za mu kai ku kallon wani wasa mai ban tsoro wanda ba a saba da shi ba a ƙasar Adar, sa'an nan mu komo da ku gida. Duk wanda ke zama fadar samari a Tajaye, ko Illela, ko Malbaza, ko Birnin Ƙonni, da wuya a ce ba a taɓa miƙo masa wayar salula an ce ya duba wani abin mamaki ba. In ya duba sai ya ga ƙofar jirgin sama a buɗe, ƙasa tana can nesa kamar an shimfiɗa tabarma, ga mutum ya tsaya bakin ƙofa ya saki kansa cikin iska. Wasu su ce hauka ne, wasu su ce jarumtaka ce. Abin da hoton bai cika faɗa ba shi ne, da yawa daga cikin masu wannan dirowa kuɗi suke tarawa, kuɗin kuwa na sojojin da yaƙi ya naƙasa ne, da matansu da ƴaƴansu.

Wannan al'amari ya shafe mu, domin mu ma muna da irin waɗannan bayin Allah a garuruwanmu. Akwai tsoffin da suka yi wa Faransa yaƙi, waɗanda saura kaɗan daga cikinsu ke raye. Akwai kuma samari na yau, waɗanda suka tafi aikin soja da ƙafa biyu suka komo da ɗaya. Saboda haka ya kamata mu san yadda wannan wasa yake, da abin da yake kawowa, da abin da yake ci, mu kuma ga abin da ya dace mu ɗauka daga cikinsa.

Yadda laima ke aiki

Daga laimar tare rana da ruwa aka ari sunan, amma wannan wani ƙaton ƙyalle ne mai ƙarfi marar nauyi, wanda aka ɗaura wa igiyoyi aka naɗe cikin jaka a bayan mutum. In ya buɗe sai ya cika da iska, ya rage saurin faɗuwa, har mutum ya sauka bisa ƙafafunsa. Wani Bafaranshe mai suna André-Jacques Garnerin shi ne ya gwada ta a gaban jama'a a birnin Paris, ran 22 ga Oktoba 1797. Ya hau sama da balan-balan mai iska, ya yanke igiya, ya sauko da ransa. A shekarar 1919 wani Ba'amurke, Leslie Irvin, ya fita daga jirgin sama, ya bari ya faɗo na ɗan lokaci, sa'an nan ya ja igiyar buɗe laima da hannunsa. Ya karya idon sawu wajen sauka, amma hanyar da ya nuna ita ake bi har wa yau.

A yaƙin duniya na biyu an yi amfani da laima ƙwarai a aikin soja. An riƙa zubo runduna guda a bayan abokan gaba cikin dare. Hausawan Najeriya da Ingila ta kai yaƙin Bama sun san ta ta wata fuska: a kwarin Kaladan, cikin shekarar 1944, da laima jirage ke jefo musu abinci da harsasai. Rundunar sojan ƙasarmu, wadda aka kafa a shekarar 1961, ita ma tana da nata sojojin laima.

Ga yadda abin yake ga wanda ba soja ba. Jirgi ya kan hau kamar mita 4,000. Ana ɗaure ɗan koyo a ƙirjin gwani, su fita tare. Cikin ƴan daƙiƙoƙi saurin faɗuwarsu ya kan kai wajen kilomita 200 a awa, watau ninki biyu na motar da ke gudu a kan kwalta tsakanin Ƙonni da Tawa. Haka za su yi ta faɗowa kusan minti ɗaya. In saura kamar mita 1,500 su isa ƙasa, gwani ya buɗe laima, su yi ta lilo cikin iska minti biyar ko fiye kafin su sauka. Laima biyu ake ɗauka, babba da ta ko-ta-kwana. Akwai kuma wata ƙaramar na'ura mai auna tsawo da sauri, wadda ke buɗe ta biyun da kanta in mutum ya suma.

Wannan shi ne na kowa da kowa. Akwai kuma na masu ƙure iyaka, waɗanda ke hawa mita 8,000 ko 10,000 ko fiye. A can iska ta yi ƙaranci, dole mutum ya rataya tulun iskar shaƙa, in ba haka ba hankalinsa ya gushe. Sanyi kuwa yana ƙaruwa da kamar digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000, har a mita 10,000 ya kan kai digiri 50 ƙasa da sifiri. Ran 16 ga Agusta 1960, kwana 13 bayan ƙasarmu ta sami mulkin kai, wani hafsan Amurka, Joseph Kittinger, ya diro daga tsawon kilomita 31. Felix Baumgartner na ƙasar Ostiriya ya kai wajen kilomita 39 a shekarar 2012, Alan Eustace kuma ya wuce kilomita 41 a shekarar 2014.

Yadda tsalle ke zama gudummawa

Mai karatu zai ce, to, yaya faɗowa daga sama ke zama kuɗi? Hanyar mai sauƙi ce. Mutum ya sanar da dangi da abokai da abokan aiki cewa ran kaza zai diro saboda asusu kaza. Kowa ya yi alkawarin abin da zai bayar in ya cika maganarsa. Kamfanoni su ma su sa nasu, don a ga sunansu a jikin laima. In an gama, a fid da kuɗin jirgi da ladan gwani, abin da ya rage a kai asusun.

A Ingila akwai wata tsohuwar ƙungiyar mazan jiya mai suna Royal British Legion, wadda aka kafa a shekarar 1921. Ran 14 ga Mayu 2017 wani dattijo, Verdun Hayes, wanda ya yi yaƙin Normandi a shekarar 1944, ya diro daga kamar mita 4,500 saboda wannan ƙungiya. Yana da shekara 101 da kwana 38 a ranar. Ɗansa da jikansa da tattaɓa-kunnensa duk sun diro tare da shi. Jaridun duniya suka ɗauki labarin, sunan ƙungiyar ya shiga gidajen da bai taɓa shiga ba.

A Amurka akwai Dana Bowman, sojan laima na rukunin masu nuna gwaninta. A watan Fabrairu 1994, wajen horo a jihar Arizona, ya yi karo da abokin aikinsa a cikin iska. Abokin ya rasu, shi kuwa ya rasa ƙafafunsa biyu. Bayan wata tara ya koma aikin soja da ƙafafun roba, ya ci gaba da dirowa, daga baya ya kafa asusun taimakon sojojin da suka ji rauni. Shi ma Andy Stumpf, tsohon sojan ruwa na musamman, ya sa wata riga mai kama da fukafukan jemage a shekarar 2015, ya fita daga jirgi a tsawon mita 11,000, ya yi tafiyar kilomita 29 cikin iska kafin ya taɓa ƙasa. Burinsa shi ne ya tara dalar Amurka miliyan ɗaya saboda asusun da ke kula da abokan aikinsa da iyalansu.

Wanda ya fi duka ƙaurin suna shi ne na watan Janairu 2023. Wasu tsoffin sojojin Amurka da Kanada, ciki har da Andy Stumpf da Mike Sarraille, suka ɗau alkawarin dirowa sau bakwai a nahiyoyi bakwai na duniya cikin kwana bakwai. Suka fara daga Antatika, ƙasar ƙanƙara, suka bi ta Cile, da Amurka, da Sifen, suka diro kusa da dalar Fir'auna a Masar, suka wuce Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suka ƙare a Ostareliya. Sun gama cikin kwana shida da awa shida. Abin da suka sa a gaba shi ne dalar Amurka miliyan 7, watau sama da miliyar 4 na kuɗinmu na sefa a lokacin, don biyan kuɗin makaranta 1,400 ga ƴaƴa da matan sojojin da suka mutu ko suka naƙasa, ta hannun wani asusu mai suna Folds of Honor, wanda aka kafa a shekarar 2007.

Me ya sa mutane ke buɗe aljihu ga irin wannan? Hausawa sun ce gani ya kori ji. In an ce da mutum akwai naƙasassun sojoji dubu kaza, sai ya girgiza kai ya wuce. Amma in ya ga tsoho mai shekara ɗari ya tsaya bakin ƙofar jirgi, ko marar ƙafafu ya sauko daga sama yana murmushi, sai ya tsaya, ya tambayi dalili. Ga shi kansa naƙasasshen kuma akwai wata riba da ba ta kuɗi ba. Mutumin da aka saba yi wa kallon tausayi, ran nan kallon mamaki ake yi masa, wannan kuwa magani ne ga zuciya.

Lissafin da likitoci suka yi

Amma kowane allazi da nasa amanu. A shekarar 1999 wasu likitocin ƙashi na yankin Tayside, a ƙasar Sikotilan, suka buga sakamakon wani bincike a mujallar likitoci mai suna Injury. Sun bi diddigin waɗanda aka kawo asibiti cikin shekara biyar saboda raunin laima. Suka sami mutum 174, kuma kashi 94 cikin 100 ƴan koyo ne da suka diro karo na farko don tara gudummawa. Cikin kowane mutum 100 masu dirowar taimako, 11 sun ji rauni. Da aka fid da kuɗin jirgi da na horo, abin da kowane mai dirowa ya kai wa asusu bai wuce fam 30 na Ingila ba, in an raba daidai. Da likitocin suka haɗa kuɗin jinyar masu karaya, sai suka tarar kowane fam ɗaya da aka tara ya ci wa asibitocin gwamnati kusan fam 14.

Tun daga lokacin kayan aiki sun inganta ƙwarai, kuma yawancin ƴan koyo yanzu a ɗaure da gwani suke saukowa, abin da ya rage haɗari. Ƙungiyar masu laima ta Amurka ta ƙidaya mutuwa 10 cikin dirowa wajen miliyan 3 da dubu 650 a shekarar 2023. Duk da haka darasin likitocin nan bai tsufa ba, kuma ya kamata kowane ma'aikaci da kowane shugaban ƙungiya ya riƙe shi. Duk inda aka yi taron neman taimako, da laima ne ko da kalangu, tambayoyi uku ne ke nuna gaskiyarsa. Nawa aka tara? Nawa aka kashe wajen tarawar? Nawa ya isa hannun mai shi? Taron da aka yanka raguna aka ɗinka anko, aka tashi da abin da bai sayi keken guragu ɗaya ba, biki aka yi, ko da wane suna aka kira shi.

Sunan da ya dace: bashi

Akwai wata magana da ta fi lissafi nauyi. Bayan yaƙin duniya na farko, Faransa ta cika da sojojin da harsashi da wuta suka ɓata wa fuska. A shekarar 1921 suka kafa ƙungiyarsu a ƙarƙashin Kanar Picot, suka kira kansu Gueules Cassées, watau masu fasassun fuskoki. A shekarar 1931, su da wasu ƙungiyoyin naƙasassun yaƙi suka buɗe wata babbar gidauniya a ƙasa baki ɗaya. Sunan da suka ba ta shi ne La Dette, ma'anarsa bashi. Da wannan suna suka gaya wa ƴan ƙasarsu cewa abin da za su bayar biya ne na abin da ake bin su.

Mu ƴan Afirka mun san yadda aka yi da rabonmu na wannan bashi. A yaƙin duniya na farko Faransa ta ɗebi sojoji wajen 200,000 daga Afirka ta Yamma, kusan 30,000 ba su komo ba. Ana kiransu tirayar na Senegal, amma daga dukan ƙasashen yankin aka ɗebo su. Aka sake ɗiba a yaƙin duniya na biyu, da yaƙin Indocin daga 1946 zuwa 1954, da na Aljeriya daga 1954 zuwa 1962. Ƴan Nijar da dama sun bi wannan hanya. Janar Seyni Kountché, wanda ya shugabanci ƙasar daga 1974 zuwa 1987, yana cikin waɗanda suka yi Indocin da Aljeriya. Dattawan Adar da na Ƙonni suna tune da zamanin da ake rabawa sarakuna adadin samarin da kowane zai kawo.

Ran 1 ga Disamba 1944, a sansanin Caroy kusa da Dakar, sojojin Afirka da suka komo daga kurkukun Jamus suka nemi a biya su kuɗinsu da aka riƙe. Aka buɗe musu wuta. Hukumar soja ta lokacin ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama suna cewa ɗaruruwa ne. Sai a watan Nuwamba 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya amsa cewa kisan gilla ne.

Sa'an nan ga maganar fansho. Ran 26 ga Disamba 1959 majalisar Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da ke samun mulkin kai. Na Bafaranshe yana ƙaruwa kowace shekara, na abokinsa Ba'afirke, wanda suka kwana rami ɗaya, yana tsaye inda aka bar shi. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, wanda ya yi aikin soja daga 1937 zuwa 1959, ya kai ƙara. Babbar kotun da ke duba shari'un gwamnati a Faransa ta ba shi gaskiya ran 30 ga Nuwamba 2001, ta ce wannan wariya ce. Amma Amadou Diop ya rasu tun 1996. A shekarar 2006, da aka fito da fim ɗin Indigènes na Rachid Bouchareb a kan sojojin Afirka, gwamnatin Jacques Chirac ta daidaita kuɗin naƙasa da kuɗin mazan jiya, daga farkon 2007. Sauran fanshon sai da kotun tsarin mulki ta yanke hukunci ran 28 ga Mayu 2010, aka fara aiki da shi ran 1 ga Janairu 2011. Shekara 50 ke nan da ɗoriya, yawancin masu haƙƙin suna kabari.

A lura da abu ɗaya a nan. Fim, wanda shi ma abin kallo ne kamar dirowa da laima, ya taimaka wajen juyo da idon jama'a. Amma abin da ya sa kuɗi a hannun tsoho kowane wata doka ce da hukuncin kotu. Kallo yana tayar da mai barci, doka ke biyan bashi.

Naƙasassun yau

Kada mu ɗauka wannan tarihi ne da ya wuce. Ran 6 ga Oktoba 2016 an kashe jami'an tsaro 22 a Tazalit, cikin jiharmu ta Tawa. Ran 10 ga Disamba 2019 sojoji 71 suka kwanta dama a Inates, ran 9 ga Janairu 2020 wasu 89 a Shinagodar. Ƙasa ta yi makoki, an sassauto da tuta, an yi addu'o'i a masallatai. Amma bayan kowace ƙidayar mamata akwai wata ƙidaya da ba a cika tunawa da ita ba, ta waɗanda suka ji rauni. Akwai wanda nakiya ta ɗauke wa ƙafa, da wanda ya rasa ido, da wanda jikinsa lafiya lau amma ba ya iya barci, ƙarar babur ma tana firgita shi.

Wanda ya rasu, an yi masa sutura, iyalinsa ke da sauran buƙata. Naƙasasshe kuwa buƙatarsa ta tsawon rai ce. Saurayin da ya rasa ƙafa yana da shekara 25 zai iya yin wasu shekaru 40 ko 50 a duniya. Ƙafar roba ba ta dawwama. Bayan ƴan shekaru ta kan lalace, ko dungun ya sake kama, a sake gwaji a ƙera wata. Manyan wuraren ƙera ta suna birane irin su Yamai da Damagaram, kowanne kuwa ya fi kilomita 400 daga Birnin Ƙonni. Ga kuɗin mota, ga na masauki, ga na mai rakiya. Gudummawar yini ɗaya, kome yawanta, ba ta ɗaukar wannan nauyi.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru ba. Doka mai lamba 93-012 ta ran 2 ga Maris 1993 ta shimfiɗa ƙa'idodin kare naƙasassu, aka kuma keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A shekarar 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. Akwai ofishin ƙasa mai kula da mazan jiya da waɗanda yaƙi ya shafa. Maƙwabtanmu na Najeriya kuma sun keɓe ran 15 ga Janairu ta kowace shekara don tunawa da mazan jiya, suna sayar da wata ƴar alama da ake maƙalawa a ƙirji, kuɗin ya shiga asusun ƙungiyarsu. Masu zuwa Sakkwato cikin hunturu sun sha ganinta a rigunan ma'aikata. Sai dai doka a takarda take, ba ta tafiya da ƙafarta zuwa ƙauye sai an kai ta.

Abin da za mu iya a Tajaye da kewaye

Ba mu da jirgin haya, ba mu da kuɗin sayen laima, kuma ba mu buƙatarsu. Abin da masu laima ke nema shi ne taron jama'a da idonsu, mu kuwa mun gaji hanyoyin samun wannan tun kaka da kakanni.

Na farko shi ne ƙidaya. Kowane mai gari da kowane hakimi ya san gidajen da ɗansu ya komo da rauni, da gidajen da aka bar marayun soja. Ya kamata a rubuta su, a kai wa hukumar gari, a san mai buƙatar ƙafa, da mai buƙatar magani, da wanda takardunsa na fansho suka maƙale. A nan ne aikin waɗanda suka yi yaƙi da jahilci yake. Wanda ya iya karatu da rubutu ya zauna da maƙwabcinsa, ya karanta masa takarda, ya adana masa lambobinsa, ya raka shi ofis. Tsoffin tirayar da yawa sun yi hasarar haƙƙinsu saboda takarda ɗaya da gara ta ci, ko wa'adin da ya wuce ba wanda ya karanta musu.

Na biyu shi ne gayya. Marar ƙafa ba ya iya noman gero, amma gonarsa tana nan. Samarin unguwa su keɓe masa yini ɗaya a shuka, ɗaya a noman farko, ɗaya a girbi, kamar yadda samariya ta riƙa yi wa gajiyayyu a shekarun baya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manoman albasa na Galmi da na fadamun Magiya, in kaka ta yi kyau, buhu ɗaya daga kowace ƙungiyar manoma zai biya kuɗin motar mutum da yawa zuwa wurin gyaran ƙafa.

Na uku shi ne filin kokowa. In akwai wasan da ke tara ƴan Nijar kamar yadda laima ke tara Turawa, to, kokowa ce. A nan Tawa aka yi gasar ƙasa ta farko a shekarar 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama zakara. Kowa ya san yadda ake shelar kyaututtukan manya da attajirai a fili, jama'a na tafi. Me zai hana a keɓe yini ɗaya na kokowar kaka a Illela, ko Malbaza, ko Ƙonni, a ce kuɗin ƙofa da rabin kyautar ranar na naƙasassun sojojin yankin ne? Ɗan kokowa ba ya buƙatar man jirgi, saboda haka kusan duk abin da aka tara zai isa inda aka nufa.

Na huɗu shi ne sana'a. Wanda ya rasa ƙafa bai rasa kai ba, bai rasa hannu ba. Soja ya saba da horo da kiyaye lokaci. Zai iya riƙon sito, da awo a ma'auni, da gyaran waya, da ɗinki, da rubutun ƙungiyar manoma. Yankinmu yana da masana'antar siminti a Malbaza, da filayen noman rani a Ƙonni, da manyan kasuwanni na bakin iyaka. In shugabannin waɗannan wurare suka tuna da kashi 5 ɗin nan duk lokacin ɗaukar ma'aikata, mutum zai ci guminsa da mutuncinsa.

Na biyar, wanda shi ne ginshiƙin sauran, lissafi a fili. Duk abin da aka tara a rubuta shi da Hausa a allo a ƙofar hukumar gari, a karanta shi a rediyon karkara: ga abin da ya shigo, ga abin da aka kashe, ga abin da ya rage. A sa naƙasassun su kansu cikin kwamitin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kada kuma a jera su a rana gaban baƙi ana ɗaukarsu hoto kamar masu bara. Wanda ya zo karɓar bashinsa ba a sa shi durƙuso.

Dukan wannan tallafi ne, ba ya sauke wa gwamnati nauyinta. Jinya, da fansho a kan lokaci, da karatun marayu, haƙƙi ne a wuyan ƙasar da ta aiki mutum bakin daga. Ma'aikacin da fayil ɗin naƙasasshen soja ya zo teburinsa, ya tuna da Amadou Diop, wanda gaskiyarsa ta iso bayan shekara biyar da binne shi. Kwana ɗaya da takarda ta ƙara a cikin durowa, kwana ɗaya ne na yunwa a wani gida.

Saboda haka, ƴan uwa, in an sake miƙo muku waya kuka ga mutum ya saki kansa daga jirgi, ku yaba masa, domin ya sa ransa a haɗari don a tuna da waɗanda aka manta. Sa'an nan ku mai da wayar ga mai ita, ku tambayi juna: a unguwar nan tamu, wa ya komo daga daji da rauni, kuma wa ya leƙa shi a makon nan? Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba masu rauni lafiya da haƙuri, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.